Tsakanin Wuyan Sa da Bakin Garma: Sharhi Kan Kayan Ɗaurin Shanun Huɗa a Ƙasar Yawuri

Duk lokacin da aka tashi maganar tallafa wa manoma da shanun huɗa, abu biyu ake ƙirgawa: bijimai nawa aka raba, garma nawa aka sauke. Da wuya ka ji wanda ya tambayi karkiya, ko sarƙa, ko ƙusar da ke riƙe da sarƙar. Alhali duk ƙarfin da sa ya tara daga harawa da dusa, ta cikin waɗannan 'yan tarkacen yake bi kafin ya isa ƙasa. In sun zauna daidai, bijimai biyu matsakaita sun ishi gida noma da dako. In sun karkace, ko Gudali mafi ƙiba ka ɗaura, abin da za ka tashi da shi shi ne kunya a murguɗe, da miki a wuyan dabba, da ciwon kafaɗa ga mai riƙon garma. Kuɗin kayan ɗaurin nan gaba ɗaya bai kai na ƙafar sa guda ba, amma su ne ke yanke hukuncin ko jarin da aka zuba zai biya.

A ƙasar Yawuri maganar ta fi nauyi, domin manomi guda yakan yi hulɗa da ƙasa iri uku a shekara ɗaya: jigawar tudu ta gero da dawa da gyaɗa, da laka mai danƙo ta fadamar shinkafa, da bakin tafkin Kainji da ruwa ke janyewa ya bari da rani. Ɗauri ɗaya ba ya yi wa ukun nan daidai.

Yadda garmar ta iso

Noma da shanu ba gadon kaka da kakanni ba ne a ƙasar Hausa. Fartanya da garmar hannu da hauya muka gada. Sa na kiwo ne, takarkari na ɗaukar kaya a doro, jaki na mangala, doki kuwa na hawa. Sai a shekarun 1920 ma'aikatar gona ta Turawan mulki ta fara gwada huɗa da shanu, aka yi gwajin farko a Daura a 1922, shekarar da aka buɗe tashar binciken noma ta Samaru a Zariya. Daga ƙarshen shekarun nan aka shiga bai wa manoma rancen bijimai biyu da garma daga baitulmalin En'e, su riƙa biya bayan kaka. Manufar Turawa a fili take: a faɗaɗa gonakin auduga da gyaɗa, a kuma samu taki. Garmar da ta karɓu ita ce Emcot, ƙirar kamfanin Ransomes na garin Ipswich a Ingila, mai kunnuwa biyu da ke watsa ƙasa dama da hagu su tayar da kunya. Daga baya kamfanin John Holt ya riƙa ƙera ta a Zariya. Kusan duk garmar shanun da maƙeranmu ke bugawa yau, jikanyarta ce.

Abin ya fi saurin kafuwa a Katsina da Kano da Zariya da Gombe. Garuruwan bakin Kogin Kwara sun biyo baya, saboda ƙudan tsando da ke cikin kurmin gaɓar kogi yana sa wa shanu sammore, kuma mutanen tsibirai kwale-kwale ne abin hawansu da dakonsu. Madatsar Kainji, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968, ita ta sauya lissafin. Ruwa ya cinye tsibirai da ƙauyuka, aka tayar da mutum fiye da 40,000. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa a gungu da ban ruwa da ƙwarya, da yawansu suka wayi gari a tudu, maƙwabtan Kambari da Dukkawa da Shangawa da Hausawa. Gonar tudu ba ta da albarkar lakar gungu. Sai an faɗaɗa ta ake cika rumbu. Aka sare daji, tsando ya ragu, farin 1973 da na 1984 suka turo garkunan shanu daga arewa. Da wannan da wancan, sa ya samu wurin zama a Ngaski da Shanga da karkarar Yelwa, garmarsa ta biyo shi.

Karkiya

Shanunmu, Bunaji da Gudali da Rahaji, masu tozo ne, don haka a gaban tozo ake ɗora musu karkiya, su tura ta da ƙarfin kafaɗa. A Gini da Saliyo, inda ake noma da gajerun shanun Ndama marasa tozo, a ƙaho ake ɗaure ta. Tamu sanda ce miƙaƙƙiya, an huda ta wuri huɗu an zura turaku, biyu-biyu a gefen wuyan kowane sa, da igiya da ke haɗe su a ƙarƙashin maƙogwaro, sai zobe ko ƙugiya a tsakiya inda sarƙa ke kamawa. Ba ta da wuyar yi. Abin da ya sa ake yin ta da ganganci ke nan.

Kuskure na farko a itace yake. Ƙirya da marke suna da ƙarfi, amma nauyinsu kaya ne a wuyan dabba tun kafin ta fara jan komai. Darbejiya da malaina sun fi sauƙi, muddin sun bushe. Ɗanyen itace yakan lanƙwashe ya tsage. Siririyar sanda kuma, ko bututun ƙarfen da wasu ke sawa don ya daɗe, tana tara nauyin duka a ɗan tsukin wuri ta ci fata. Wurin da ke zama a wuya yana son faɗi, a fafe shi kaɗan, a goge shi sumul. Masu naɗe shi da tsumma ko buhu suna ganin tausayi ne suka yi, amma tsumma ya sha gumi da yashi ya bushe, ya fi itacen kansa kartar fata. Haka turakun rodi: ba sa karyewa, to amma in sa ya zabura ya faɗi, gara turken itace ya karye da a ce wuyan ne ya amsa.

Kuskure na biyu a tsawo yake, kuma shi ne wanda aka fi jahilta. Tsawon karkiya shi ke tsara faɗin kunya. Lokacin ban ƙasa, garma tana bin kwari ɗaya, sa na dama yana cikin kwarin dama, na hagu yana cikin na hagu. Ke nan tazarar da ke tsakanin tsakiyar wuyan wannan da na wancan dole ta ninka faɗin kunya sau biyu. Kunya mai santimita 75 tana son tazarar 150. Mai santimita 90 tana son 180. Wanda ya yi huɗa da karkiyar aro, ya dawo ban ƙasa da tasa mai wani tsawon daban, shanunsa a kan shuka za su riƙa takawa, ya yi ta dukansu a banza yana cewa ba su da horo. Amalanke kuwa gajeriyar karkiya yake so, don shanun su matsu da juna su bi sawun hanya. Gidan da ke noma da dako yana bukatar karkiya biyu aƙalla. Da yawa guda ɗaya ke gare su.

Sarƙa da goshin garma

A goshin garma akwai wani ɗan ƙarfe mai huji-huji, wasu a jere daga sama zuwa ƙasa, a wasu garemanin har da na gefe. Nan ne sitiyarin garma, ba hannuwanta ba. Ka sa ƙugiyar sarƙa a hujin sama, baki zai nutse. Ka sauko da ita ƙasa, baki zai taso. Tsawon sarƙa ma haka: doguwa tana ƙara zurfi, gajeriya tana ɗaga goshi. Dalili shi ne ƙarfin ja yana son ya bi layi ɗaya miƙaƙƙe, daga karkiya, ta ƙugiya, zuwa inda baki ke tsaga ƙasa. Duk inda layin ya karye, garma za ta yi ta kokawar miƙe shi, mai riƙo kuma ya yi ta kokawa da ita. 'Yar tayar da ke gaba aikinta ta tsare zurfin da aka riga aka saita. In ka ga tana nutsewa tana tona rami, ɗaurin ne ya yi sama da yawa.

Ka tsaya a bakin gona da sassafe bayan ruwan shuka, za ka bambance wanda ya sani da wanda bai sani ba tun a kunya ta biyu. Yaro na gaba da igiyar hanci, wansa na baya ya danne hannuwan garma da ƙirji, jijiyar wuya ta tashi, bakin garma na tsalle yana fita. Wani dattijo mai wucewa ya dafa sandarsa ya duba.

"Samari, ku tsaya. Ba shanun ne ba."

"Baba, ƙasar ce ta yi tauri."

"Ƙasa lafiyarta lau. Sarƙarku ce kuka naɗe ta gajarce. Ku sake ta taki ɗaya, ku mai da ƙugiya hujin sama."

Aka zare ƙusa, aka mayar, aka lanƙwasa waya a bakinta. Da suka tashi, sai ga saurayin yana biye da garma da 'yan yatsu a kan hannuwanta, ƙasa na kifewa gefe biyu daidai wa daida. Alamar garmar da ta zauna ke nan: ba a danna ta, ba a ɗaga ta.

Lissafin ya nuna abin da ya sa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Masana aikin dabbobi sun daɗe da auna cewa sa yana iya jan kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa na tsawon awa huɗu zuwa biyar ba tare da ya galabaita ba. Bijimai biyu masu kilo 350 kowanne, jan kilo 70 ne rabonsu. Hekta ɗaya kuma, in kunyoyinta masu santimita 75 ne, tafiyar sama da kilomita 13 ce. A ƙara wa dabba jan da ya wuce ƙima saboda baki ya nutse fiye da bukata, ko ya dakushe, a kuma ninka wannan da kilomita 13, a farkon damina da shanu suka fito daga yunwar bazara. Shi ya sa za ka ga an kwance su tun hantsi, gona ba ta kai rabi ba. Saitin da ya dace da jigawar Shanga ba shi ne na lakar fadama ba, inda ƙasa ke manne wa kunnuwa, dole a rage zurfi a tsuke su. A bakin tafki kuma, inda sama ta bushe ƙasa na da danshi, ƙafar sa kan zurma, karkiya ta yi ƙasa, layin ja ya sake canzawa.

Amalanke da jaki

Bayan kaka aikin ya koma dako: dammunan dawa, buhunan shinkafa da albasa, taki zuwa gona, itace, jarkokin ruwa, kaya daga mashigar jirgi zuwa kasuwa. Amalanken shanu na yau daga gawar mota ake haɗa shi: aksul da wili da boris da taya, mai walda ya ɗora gado, ya fitar da doguwar sanda zuwa karkiya. Tunda ƙafa biyu gare shi, yadda aka jera kaya shi ne komai. Kaya ya yi gaba, nauyin ya sauka a wuyan shanu. Ya yi baya, sanda ta ɗaga sama, igiyar maƙogwaro ta shaƙe su, a hawa ma har amalanken ya kife. Abin da ake so nauyi ya zauna a kan aksul, ya ɗan rinjaya gaba kaɗan. Yawancinsu ba su da birki, ga shi gangaren zuwa bakin ruwa ba ya wasa. Amalanke kan turo karkiya har ƙaho. Mahaɗar sanda da karkiya kuwa, wadda rayuwar shanu da ta yaron da ke sama ta rataya a kanta, sau da yawa tsohon noti ne ba makulli, ko igiyar leda da rana ta cinye.

Jaki ya fi kowa shan wahala. An ga yadda ake ɗaure sa, sai aka kwaikwaya a kansa, alhali ba shi da tozo, kuma ƙarfinsa a ƙirji yake. Ɗaurin jaki na gaskiya abu uku ne: faffaɗan maɗauri a ƙirji don ja, ɗan akumari a baya don ɗaukar nauyin sandunan amalanke, da maɗauri a bayan cinyoyi don tsare amalanke a gangare. In babu na ukun, kaya kan doki ƙafafunsa. In na farkon siririyar igiya ce ko yankan taya mai waya a ciki, gyambo ne ba makawa. A Maradi da Damagaram da Dosso, inda amalanken jaki ya daɗe da zama ruwan dare, masu wannan sana'a sun fi mu gogewa, kuma tafiyar ba ta da nisa ga mai son koyo.

Ina doki a cikin wannan?

A wajenmu doki na sirdi da linzami da likkafa ne, na hawan Sallah da fada. Ko ba don martaba ba, tsadar ciyar da shi da rashin jurewarsa ga sammore sun isa su hana shi shiga gonar bakin kogi. Amma a wasu wurare shi ne jigon aikin. A yankin gyaɗa na Sanagal doki ne ke jan injin shuka da 'yar garmar firi da amalanke. A Turai ya karɓi garma daga hannun sa ne bayan ƙullin wuya mai laushi, wanda ke zama a kafaɗa ba a maƙogwaro ba, ya yaɗu wajen ƙarni na 10, bayan Sinawa sun daɗe da saninsa. A Amurka dawaki da alfadarai sun haura miliyan 25 wajen 1920, kuma har gobe jama'ar Amish da dawaki suke noma, suna da ƙananan masana'antun da ba su da aiki sai ƙera kayan ɗauri.

Akwai darasi ɗaya daga can da ya shafe mu kai tsaye. Doki ba ya jan garma da sarƙa guda. Igiyoyi biyu ne ke fitowa daga kafaɗunsa su kama wata 'yar sanda a bayansa mai lilo a tsakiya, don kada motsin kafaɗa ya goge fata. In dawaki biyu ne, sandunansu biyu suna rataye a bakin wata babbar sanda, ita kuma tsakiyarta ke kama garma. Aikinta irin na ma'aunin sikeli ne: in ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, sai a matsar da ƙusar tsakiya wajen mai ƙarfin, ya ɗauki kaso mafi yawa. Wannan dabara tana aiki a karkiya. Manomin da ya haɗa tsohon sa da ɗan maraƙin da yake horarwa, abin da ke faruwa kullum tunda akan sayar da ɗaya a sayo wani, zai iya matsar da zoben sarƙa yatsu kaɗan wajen babban, maimakon ya yi ta zabgar ƙaramin. Haka kuma duk mai noma da jaki ko raƙumi guda, kamar yadda ake yi a arewacin Kebbi da Sakkwato, yana bukatar waccan 'yar sanda mai lilo.

Wa ke riƙe da sana'ar?

Tun da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, kayan garma na waje suka fi ƙarfin talaka, aikin ya koma hannun maƙera da masu walda. Su ne suka gano cewa sifirin mota yana yin bakin garma mai daɗewa. Su ke buga ƙugiya da zobe da ƙusa. Ba don su ba da garmar shanu ta mutu tare da taraktocin gwamnati da ke ruɓewa a harabar ma'aikatu. Sai dai kowane maƙeri da awonsa. Bakin da aka saya a Yelwa ba lallai ya hau garmar da aka ƙera a Wara ba. Wasu don rage farashi sukan bar huji ɗaya tak a goshi, su kashe saitin gaba ɗaya. Sarƙar rodi da aka lanƙwasa ba a like ba takan buɗe a tsakiyar aiki. Manomi ya zo yana cewa, "Sarkin Maƙera, a yi mini mai sauƙin kuɗi," shi kuma ya yi masa daidai kuɗinsa. Araha ba ta ado.

Masu ba da tallafi kuma sun sha kuskuren neman babban abu. A shekarun 1960 zuwa 1980 an kashe dukiya a ƙasashe da dama wajen ƙera wani keken shanu mai taya biyu da zai yi huɗa da shuka da firi da dako shi kaɗai. Wani masani, Paul Starkey, ya bi sawunsa a littafin da ya fitar a 1988, ya tarar an ƙera kusan 10,000 a duniya, kuma kusan ko'ina manoma sun ajiye shi: ya yi nauyi, ya yi tsada, ba ya gyaruwa a ƙauye. Abin da ya rayu shi ne mai sauƙi, irin su Emcot a nan da 'yar garmar Sine ta Jean Nolle a Sanagal. Nijar ta ɗauki wata hanya, ta kafa wuraren ƙera garma da amalanke a Tawa da Dosso da Damagaram da Maradi, aka kuma horar da maƙeran karkara su riƙa yin kayan gyara.

Wani zai ce duk wannan kallon baya ne, zamani na tarakta ne da ƙananan injinan huɗa. Babu mai musun amfaninsu, musamman a manyan fadamun shinkafa da shirin rancen manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙara wa kasuwa. To amma dizal ya daɗe da tsada, fetur ya bi sahu tun 29 ga Mayun 2023, kuma tarakta ɗaya ba ta zuwa gonaki hamsin a satin da ruwan shuka ya sauka. Sa kuwa yana ba da taki, yana dako, bayan shekara uku ko huɗu a turke shi a sayar da riba. Babbar barazanarsa a yau ba tarakta ba ce, ɓarayin shanu ne, waɗanda suka sa manoma da dama a kudancin Kebbi suka sayar da nasu ko suka koma haya. Wannan ma ya ƙara wa maganar ɗauri muhimmanci: in shanun da suka rage a gari su ne za su yi wa kowa huɗa, miki ɗaya a wuya da zai kwantar da sa sati biyu a watan Yuni asarar unguwa ce, ba ta mai shi kaɗai ba.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga da hukumar raya noma ta jihar Kebbi, wato KARDA, ba. A tara maƙera da masu walda kafin damina, a daidaita awon huji da noti da bakin garma, yadda kayan wannan kasuwa zai hau garmar waccan. A dawo da goshi mai huji da yawa. Malaman gona su riƙa yawo da tef ɗin awo, su nuna alaƙar tsawon karkiya da faɗin kunya a gonar manomi, a gaban maƙwabtansa. Duk rancen shanu ya zo da karkiya biyu da sarƙa likakkiya. Malaman dabbobi in sun zo rigakafi su duba wuya, su tambayi karkiyar da ta yi mikin, kada su tsaya ga shafa magani. Dukawa da masu ɗinkin tamfol su koyi ɗinka maɗaurin ƙirjin jaki. Kuɗin tarakta guda ya isa a yi duk wannan a masarautar Yawuri baki ɗaya, kuma ilimin da za a raba yawancinsa yana nan a hannun dattawan manoma da maƙeran garuruwan. Tattara shi ne ba a yi ba.